Inci Shida a Bangon Baba

"Muddin ina numfashi, ba mai fasa bangon nan, Auta."

"To riƙe numfashin na kwana goma, Yaya. Kafin ka sake shi mun gama."

Yayana ya kalle ni kamar yau ya fara ganina. Yana tsaye a bakin titi da rigarsa ta ofis mai karin guga, ni kuwa alli ne a hannuna, na riga na ja layi biyu a tsaye da ɗaya a kwance a jikin bangon gidanmu, ta waje, inda duk mai wucewa zai gani.

"Ke da aka haifa jiya," in ji shi.

"Jiyan ce ta kai shekara ashirin da uku."

Bayan wannan bangon ɗakin mahaifinmu yake. Baba magini ne. Shekara talatin da huɗu ya yi yana ɗora bulo a kan bulo, har ranar da katakon da yake tsaye a kai ya karye da shi a hawa na biyu na wani gini. Allah ya bar mana shi, amma ƙafafunsa suka daina jin maganarsa. Aka sallamo shi daga asibiti da keken guragu da ledar magunguna, aka shigar da shi ɗakin da ya gina da hannunsa, ɗakin kuma ya rufe a kansa.

Ƙofar ɗakin ta ciki tana buɗewa ne a wani siririn lungu mai kwana, daga nan sai matakala uku zuwa tsakar gida. Keke ba ya juyawa a lungun. Duk ranar da za a fita, Yaya ne ke sunkuyawa ya ɗauki Baba cak a ƙirjinsa, ni in naɗe keken in biyo su a baya. Cikin wata takwas sau huɗu Baba ya ga titi, dukansu a hanyar asibiti. A fita ta huɗun ne na hango fuskarsa ta saman kafaɗar Yaya. Idonsa a runtse yake, ya damƙe su kamar wanda ake yi wa ɗinki ba allurar kashe zafi. Mutumin da ke tafiya a kan katanga mai faɗin tafin hannu yana waƙa! Ranar na shiga shagona, na zauna a gaban keken ɗinki, na yi kuka har zaren da ke cinyata ya jiƙe.

Bangon ɗakin na waje kuwa daidai yake da titi, ba tudu ba gangare. Bulo ɗaya ne kawai tsakanin Baba da duniya.

"Bango zai tsage," in ji Yaya. "Ɓarayi za su samu hanya. Ƙura za ta cika masa ɗaki. Kuma so kike kowane mai wucewa ya leƙo ya ce, Allah sarki, ga Magini yadda ya koma?"

"Gara su ce Allah sarki da su manta yana raye."

Da ya sake magana muryarsa ta sauka.

"Na taɓa ce miki na gaji da ɗaukarsa?"

"Ba ka taɓa ba."

"To mene ne?"

Yadda Yaya ke ɗaukar Baba, da lallashi, da gyara masa hula in ta karkace, ita ce kaɗai hanyar da ya sani ta cewa yana ƙaunarsa. Ta yaya zan ce masa Baba runtse ido yake yi?

Muka shiga ciki muka kai ƙara. Baba yana zaune a kekensa, ya juya wa bangon baya, yana sauraren rediyo. Ya ji na Yaya, ya ji nawa, sannan ya ce, "Ku yi yadda kuka gani. Gidan naku ne yanzu."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yaya ya ɗauki jakarsa. A bakin lungu ya juyo ya nuna ni da ɗan makulli. "In dole sai an fasa, kada ramin ya wuce faɗin keken. Ba gareji za ki buɗe mana ba."

"Ni tela ce, Yaya. Awo sana'ata ce. Inci biyu kawai zan ƙara, ko sauro sai ya karkace kafin ya shiga tare da shi."

Da Baba ya kwanta hutun rana na jawo keken, na ciro tef ɗina daga wuya, na auna daga bakin taya zuwa bakin taya. Inci ashirin da shida. Na sake aunawa don kada a ce. Na rubuta ashirin da takwas a bayan wata takardar magani, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Wanda na kai wa takardar Dogo ne, kafinta, wanda ya yi shekaru yana kafa ƙofofi da tagogi a gine-ginen Baba. Shagonsa na ƙarshen layinmu. Ba zan ɓoye ba, na fi wata shida ina bin ta gaban shagon nan zuwa sayen zare, alhali mai zaren yana ɗaya ɓangaren. Dogo ya karɓi takardar, ya zaro fensir daga bayan kunne, ya dube ta, ya dube ni.

"Ashirin da takwas tsakanin katako da katako?"

"Haka na rubuta."

"Kin tabbata?"

"Ka taɓa jin na ɗinka wa wani riga ta matse shi?"

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya yi murmushin nan nasa da ke farawa daga gefe ɗaya. "Yadda kika ce, ranki ya daɗe."

Washegari ya zo da guduma da kurfi da injin yanka. Ni na zaci za a kama dukan bango ne kawai har ya faɗi, ashe ba haka ake yi ba. Sai da ya huda ramuka biyu a can sama, ya zura katakai masu kauri suka ratsa bangon, ya tokare su ciki da waje, don nauyin rufi ya sami abin dogara. Sannan ya cire layin bulo ɗaya a kwance, inda za a zuba linta, wato gadar siminti da rodi da za ta ɗauki abin da ke saman ƙofa.

Mun so mu mayar da Baba falo saboda ƙura. Ya ce ba inda za shi. Aka lulluɓe gado da leda, ya ja kekensa kusurwa, ya ɗaura hankici a hanci, wai shi kallo kawai zai yi.

Kallon bai kai minti goma ba.

"Kai Dogo, wannan kwaɓi ne ko wanka za ka yi wa bangon? Ƙara siminti."

"To, Baba."

"Rodi nawa ka sa?"

"Uku."

"Huɗu. Biyu sama, biyu ƙasa. Rufin gidana ba akurkin kaji ba ne."

Ina tsaye da bokitin ruwa, ƙirjina ya cika har na rasa inda zan sa idona. Wata takwas rabon da in ji wannan muryar, mai kaifi, mai raina aikin kowa. Ya kashe rediyon da kansa.

Aka zuba linta, aka bar ta mako guda ta sha ruwa safe da yamma. Ni ke ba ta ruwan. Kullum Yaya ya dawo daga aiki sai ya bi bangon da ɗan yatsa yana neman tsaga, in bai samu ba ya ƙara ɗaure fuska. Wata yamma ya tarar da ni ina riƙe wa Dogo bakin tef, alhali abin da ake aunawa bai kai tsawon hannu ba.

"Auta, wai ƙofar kike so ko mai ƙofar?"

"Duk wanda ya fara buɗewa," na ce, kunnuwana suna zafi. Dogo ya sunkuya yana neman ƙusar da ba ta faɗi ba.

Ranar da aka cire bulon ƙasa ba zan manta da ita ba. Dogo ya gyara layukan allina bisa awo, ya yanka su da inji, ya sa guduma a hankali daga sama. Bulo na farko ya faɗa waje, sai wani haske ya shigo ta ramin, murabba'i, ya sauka a cinyar Baba kamar an ajiye masa kyauta. Ya sa tafin hannu a cikinsa yana juyawa. Bulo na biyu ya bi, na uku ya bi, sai ga ƙarar babura, ga muryar mai shayin da ke tsallaken titi, ga ƙanshin burodi, ga wata mata tana yi wa ɗanta faɗa a kan takalmi. Duniya ta shigo ɗakin da hayaniyarta ba sallama. Mai shayi ya hango shi ya ɗaga ludayi sama.

"Magini! Ashe kana nan!"

"Da ina zan je?" Baba ya amsa da ƙarfi. "Har yanzu ruwan zafi kake sayar wa mutane da sunan shayi?"

Aka rufe ramin da kwanon rufi a ranar. Washegari Asabar, Yaya yana gida, Dogo ya iso da firam, wato katakon da ke kewaye bakin ƙofa, a kafaɗa. Jan katako ne, ya goge shi har yana ɗaukar ido. Ya buga masa ƙananan katakai a karkace a kusurwoyin sama don kada ya goce, da wani a kwance a ƙasa mai riƙe ƙafafun biyu. A bayansa ya jera dogayen ƙusoshi da siminti zai kama. Muka ɗaga shi ni da shi muka zura a ramin. Ya saki zare mai ƙarfe a baki daga sama, ya rufe ido ɗaya, ya soka 'yan guntayen katako nan da can har firam ya tsaya cak. Sannan ya cike gefe da gefe da kwaɓi, ya shafe da cokali.

Kyau kam ya yi kyau. Har Yaya sai da ya ce, "Ba laifi," wanda a bakinsa yabo ne mai girma.

Baba ne kaɗai bai yaba ba. Tun da katakon ya shiga ramin ya cinye inci biyu ta kowane gefe, ya ƙura masa ido. Yana duban firam, yana duban cinyarsa.

"Dogo, cire katakon ƙasan nan."

"Baba, sai gobe. Simintin ɗanye ne, firam zai motsa."

"Ni za ka koya wa siminti? Gobe in an ga kuskure sai dai a yi kuka. Cire."

Dogo ya sa bayan guduma ya zare shi. Yaya ya taso da sauri ya kama hannayen keken ta baya, yadda ya saba.

"Saki," in ji Baba.

"Baba, bari in..."

"Na ce saki."

Yaya ya saki. Baba ya ɗora hannuwansa a kan ƙarfen tayoyin, hannuwan nan manya masu kanta, ya tura. Keken ya taho a hankali. Ƙananan tayoyin gaba suka tsallake bakin ƙofa, ƙafafunsa suka fita cikin rana, na ji numfashina ya tsaya don murna. Sai na ji ƙum. Gaɓoɓin yatsunsa sun daki katako, dama da hagu lokaci guda.

Ya ja baya. Ya gyara zama, ya matse gwiwar hannu a jiki, ya sake turawa. Ƙum. Ya gwada tunkuɗa tayar da ƙarfi ya janye hannu kafin ta kai, amma akwai ɗan tudun siminti a bakin ƙofar, keken ya hau rabi ya tsaya. A karo na huɗu ya cije leɓe ya tura da dukan ƙarfinsa. Keken ya shige har tsakiya ya cije, hannuwansa a matse tsakanin ƙarfe da katako. Da ya zaro su fatar bayan yatsun ta saluɓe, jini ya shafi sabon firam.

Rabinsa a titi, rabinsa a ɗaki. Mai shayi ya ajiye ludayi. Masu jiran gyaran babur a gefen titi suka juyo gaba ɗaya.

A nan na gane abin da na yi. Keke na auna, keken da ba kowa a ciki. Wata takwas ina tsaye a bayansa ina turawa, hannuwana a baya suke, ban taɓa tunanin inda hannun mai zama yake ba. Ni da na yi faɗa da yayana a bakin titi don Baba ya fita da kansa, na yanka masa ƙofar da ba zai wuce ba sai an tura shi.

Yaya ya jawo keken ciki a hankali. Na jira ya ce ai na gaya miki. Bai ce ba. Ya durƙusa, ya ciro hankicinsa fari ya naɗe yatsun Baba.

"Ba komai, Baba. Keken ai yana wucewa, ka gani. Ka ɗora hannunka a cinya kawai, ni in tura ka. Taku biyu ne. Ƙofa ta yi kyau, a bar ta haka."

Baba ya dube ni. Ina jin hawaye suna gangarowa har wuyana.

"Tela," ya ce, "kin ɗinka wa keke riga, kin manta da mai keke." Ya juya ga Dogo. "Kai kuma ka kafa ƙofa ta fi ɗari a gabana. Ka ga ashirin da takwas ka yi shiru?"

"Na tambaye ta, Baba."

"Ka tambaye ta. Idonka na kan tela, ba ya kan tef."

Dogo ya sunkuyar da kai har fensir ya faɗo daga kunnensa. A wani lokacin da na nutse don kunya. Yanzu kunyar da nake ji ta fi wannan girma.

"In za a faɗaɗa fa?" na tambaya.

Dogo ya ɗaga kai ya dubi saman ƙofar. "Lintar inci shida ta hau bango ta kowane gefe. In aka ci uku nan, uku can, abin da ya rage ba zai riƙe rufi ba. Sai an sake tokarewa, a fasa wannan, a zuba wata mai tsawo. Kwana goma kuma, ɗaki a buɗe sai kwano. Firam ɗin ma sai na sake masa katakon sama." Ya taɓa simintin da babban yatsa, ya ɗan shiga. "In za a cire, yanzu ne. Nan da awa ɗaya ya kama, sai dai a farfasa katakon."

"Kun ji ko?" Yaya ya miƙe. "Wata ƙurar, wani kwana goman yana kwana da kwano a kansa, ga hadari kullum yana haɗuwa. Saboda taku biyu! Auta, kin yi naki, kin samu ƙofarki. Ya isa."

Wallahi na so in ce to. Na gaji, kuma wanda ya yi kuskure irin nawa a gaban layi guda ba shi da bakin sake cewa a fasa. Amma na dubi jinin da ke jikin katakon. Na share fuska da bayan hannu, na ciro tef daga wuyana, na durƙusa a gaban keken.

"Baba, ɗora hannunka yadda kake turawa."

Ya ɗan tsaya yana kallona. Sannan ya ɗora su, da hankicin da komai.

"Buɗe sosai. Kamar kana sauri, kamar mai shayi ya zage ka za ka je ka rama."

Gefen bakinsa ya motsa. Ya buɗe gwiwar hannu. Na ja tef daga bayan yatsun dama zuwa na hagu, Dogo ya sunkuyo ya riƙe mini ɗaya bakin.

"Talatin da biyu," na ce.

"Auta!" Yaya ya daka mini tsawa. "Wai ke ba kya jin magana ne? Baba, ka gaya mata. Ina raye, da lafiyata, me zai sa ka riƙa fasa hannunka a titi mutane na kallo? Me na rage ka da shi?"

Muryarsa ta karye a kalmar ƙarshe. Baba ya miƙa hannun da ke naɗe ya kamo nasa.

"Ba ka rage ni da komai ba, babban mutum. Ko uwarka da tana raye ba za ta yi mini abin da kake yi ba." Ya ɗan numfasa. "Amma ka san me nake so? In tashi da safe, kana ofis, wannan tana shago, in ga dama in fita. Ba don asibiti ba. Don kawai na ga dama. In je tsallaken can in sha mugun shayin mutumin nan, in tsaya inda ake gini in gaya musu layinsu ya karkace, su ji haushi. In dawo lokacin da na so. Ba wanda na jira, ba wanda na ce wa don Allah."

"In ka faɗi fa?"

"In na faɗi a ɗaga ni. Daga hawa na biyu na faɗo, ban mutu ba, bakin kwata ne zai kashe ni?"

Yaya ya juya mana baya, ya tsaya yana kallon titi ta cikin firam ɗin, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Daga tsallake mai shayi ya ɗaga murya, "Magini, in kawo maka nan ne?"

"Riƙe abinka!" Baba ya amsa. "Da kaina zan zo!"

Ya saki hannun Yaya, ya juya kekensa da kansa har ya fuskanci ƙofar, ya nuna ta da yatsan da ke jini.

"Dogo, zare firam ɗin nan tun siminti bai kama ba. Auta, rubuta talatin da huɗu. A fasa lintar, a kawo mini rodi da waya nan kan cinyata, ni zan ɗaure sabuwar. Ko wata guda za a yi ina kwana da kwano, a yi. Ƙofar da sai an tura ni, ba zan bi ta ba."